Biskit ɗin Kuku Alu

Assalamu alaikum Anti Nana Hadiza. Don girman Allah ki taimake ni, ki amsa mani wasiƙar nan da wuri, ko da za ki tsallake ta wasu. Na san za ki ce mace da hankalinta ta rubuto a kan biskit, alhali mutane na fama da manyan matsaloli. Ki dai daure ki karanta har ƙarshe. Wallahi abin nan ya sa ni kuka a gaban murhu, ni da ba a san ni da saurin hawaye ba.

Ina aure a Dutsin-Ma, amma asalina wani ƙauye ne a Rawayau, ƙasar Kurfi. Mahaifinmu na can, ya manyanta, kuma tun ƙarshen damina ba shi da lafiya. Ba ciwo ne mai sa ihu ba, abinci ne kawai ya daina shiga. Tuwo ya ce ya yi mashi nauyi, fura ya ce tana tsaya mashi a ƙirji, koko ma cokali kaɗan zai sha ya ture kofin. Mutumin da har bara da hannunsa ya noma gonarsa, yau rigarsa ta yi mashi yawa. Inna ta daɗe da rasuwa, matar yayana Sabitu ce ke kula da shi, kuma tana iya ƙoƙarinta, ba ni da abin cewa a kanta.

Wata rana na je duba shi, ina ta lallashinsa ya faɗi abin da ransa ke so ko mene ne, sai ya yi murmushi ya ce abin da yake so yanzu ba a yin sa. Na matsa mashi, shi ne ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wai yana saurayi ya yi leburanci lokacin da ake aikin dam ɗin Zobe, akwai wani kuku mai suna Alu da ke dafa wa manyan ma'aikata abinci. Da safe yakan gasa wani abu da suke kira biskit, amma ba irin na kanti mai ƙaras-ƙaras ba. Wannan mai taushi ne, yana da tudu kamar ɗan ƙaramin burodi, in ka ɓara shi sai ya rabu falle-falle, tururi na tashi. Ya ce da tsala da man shanu ake yi, ya sani don shi ake aika ya sayo wurin matan Fulani. In an samu saura, Alu kan miƙa mashi ɗaya da shayi. Anti, yana ba ni labarin yana haɗiyar miyau. Na manta rabon da in ga Baba ya yi marmarin wani abu. Nan take na bugi ƙirji na ce mashi ya sa a ransa kamar ya ci ya gama.

To me zai ba ni tsoro? Ba yabon kai ba, in ana haɗa gara a unguwarmu ni ake nema, dubulan da alkaki da cincin duk hannuna ne. Na duba a waya na samu wata mata tana yin irinsa. Da Turanci take bayani, na ce ai ina da ido. Na sayi fulawa mai kyau da bekin fauda, na sa Rahamatu, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta ware mani tsala mai tsami. Ita matar cikin wayar wani farin mai ta ciro daga firij tana yankawa da wuƙa, na ce wannan na masu firij ne, namu na asali ya fi shi. Na karɓi sabon curin man shanu, na soya shi da albasa yadda Inna ta koya mana, har ya yi garau, ƙarnin ya fita, gida ya ɗauki ƙamshi. Da ɗuminsa na zuba a fulawar don ya ratsa ko'ina. Sannan na murza kwaɓin da ƙarfina har ya yi santsi yana sheƙi, don a wurina kwaɓi mai gudaji abin kunya ne. Na gasa a tukunya da yashi a kan gawayi yadda nake yin kek, da wuta kaɗan-kaɗan don kada ya ƙone.

Na buɗe tukunyar na leƙa. Ko ɗigon tudu babu, ga tauri, ga ƙamshin albasa kamar na yi miya. Maigidana ya ciji ɗaya, ya ce in adana su don korar kaji daga shanya. Shi wasa yake yi, ni kuwa ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Tun daga nan babu abin da ban gwada ba. Na ƙara bekin fauda, ya yi ɗaci. Wata maƙwabciyata ta ce in sa ruwan kanwa, ya fito ruwan ɗorawa yana ɗanɗanon sabulu. Na canja tsala da kindirmo. Na ce ko man ne bai soyu ba, na ƙara soya shi. Na ce ko murzar ce ta yi kaɗan, na murza har wuyan hannuna ya kumbura. Kullum jiya i yau. In na samu waɗanda suka ɗan fi dama, sai in ƙulle a leda, in hau mota zuwa Kurfi, daga can in hau babur, kafin in isa sun huce sun ƙara ƙanƙamewa.

Abin da ke kashe ni shi ne yadda Baba ke karɓa. Zai jiƙa a shayi, ya gutsuri ɗan kaɗan, ya daɗe yana juya shi a baki, ya sa mani albarka, ya ce ya yi daɗi, sannan ya tura sauran ƙarƙashin filo wai sai an jima. Matar yayana ta ce ita ke kwashe su in tana gyara shimfiɗa. Da ma ya fito ya ce mani ban iya ba, da ya fi mani sauƙi.

Yanzu kuma abin ya haɗa ni da Yaya Sabitu. Shi yana so a kai Baba babban asibiti a Katsina, don maganin da aka ba shi tun farko ya ƙare babu canji. Baba ya ƙi, ya ce ba zai iya jijjigar hanya ba. Ni kuma na goyi bayansa, na ce a bari ya fara cin wani abu ya samu ƙarfi tukuna, in sha Allahu na kusa gane kan biskit ɗin. Yaya ya ce na mai da ciwon mahaifinmu gasar girki, wai sunana nake karewa, ba ran Baba ba. Raina ya ɓaci, na faɗa mashi maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta, har da cewa shi me ya taɓa dafa wa Baba ko ruwan zafi. Yau ko na kira shi ba ya ɗauka, sai dai in ji labari wurin matarsa. Ni dai har yanzu ina ganin bai kyauta mani ba, amma maganar ta tsaya mani a rai.

Zuwana na ƙarshe Baba ko zancen biskit ɗin bai yi ba. Da na ɗauko maganar sai ya ce in daina wahalar da kaina. Anti, wannan ya fi komai tayar mani da hankali. Abu ɗaya tak ya ce mani yana so a duniya, ga shi ya fara haƙura da shi, ina tsoron in wayi gari a ce mani babu shi ban cika mashi ba. Ina nake kuskure? Ko hannuna ne ya lalace? Kuma tsakanina da Yaya wa ke da gaskiya?

Taki cikin damuwa,
'Yar Baba, Dutsin-Ma

AMSA

Wa alaikumus salam 'Yar Baba. Share hawayenki, hannunki lafiyarsa ƙalau. Iyawarki ce ma ta ja miki, domin duk abin da kika yi daidai ne a dubulan da cincin, a wannan biskit ɗin ne kawai ya zama kuskure.

Babban laifin yana wurin man. A gidajenmu ba a taɓa man shanu sai an soya shi da albasa, kuma hakan ya dace da tuwo da shinkafa da wake. Shi wannan biskit ɗanyen mai yake so, mai sanyi, daskararre. Gutsattsarinsa ne ke narkewa a cikin zafin tukunya, tururinsu ya ɗaga kwaɓin ya raba shi falle-falle. Da kika soya kin kore ruwan da ke cikinsa, da kika zuba da ɗumi kuma ya jiƙe fulawar. Ki ce wa Rahamatu ta kawo miki curin da aka kaɗa a ranar, ki wanke shi da ruwan randa, ki sa a kwano ki ɗora kan ƙanƙara har ya yi tauri. Tsalar ma ki sanyaya ta. Ki yi aikin da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kada ƙarni ya dame ki, sabon mai in ya gasu ƙamshi yake yi.

Ga awo da gwangwanin madara. Fulawa gwangwani uku, man shanu rabin gwangwani, tsala gwangwani ɗaya, bekin fauda babban cokali ɗaya, gishiri rabin cokalin shayi. In kin samu bekin soda ki sa ɗan mitsitsi, kanwa kuwa ki bar wa miyar kuka. Ki marmasa man a cikin fulawar da kan yatsu, da sauri, ki tsaya tun ana ganin gudajinsa kamar ƙwayar wake. Ki zuba tsala ki juya da cokali har ya haɗu, shi ke nan. Babu murza. Na san ranki zai sosu ki ga kwaɓi mai gudaji a kwanonki, ki kau da kai, wannan munin shi ne kyansa. Ki baje shi da tafin hannu, ki ninka, ki sake bajewa, ki maimaita kamar sau uku, ki bar kaurinsa ya kai yatsu biyu. Ki yanka da bakin gwangwani, ki danna ki ɗaga, kada ki murɗa. Wuta kuma mai ƙarfi yake so, ba ta kek ba. Yashin ya yi zafi sosai kafin ki sa, ki jera su suna taɓa juna, ki zuba garwashi a kan murfin, ki sauke da zarar samansu ya yi ja.

Yanzu maganar da ta fi wannan. Kin yi gaskiya da kika riƙe marmarin tsohon nan da muhimmanci, mara lafiyar da ya ambaci abinci ba a wasa da maganarsa. Amma Sabitu ya fi ki gaskiya a kan asibiti. Tsohon da abinci ke tsaya masa a ƙirji yana ramewa wata da watanni, likita ne zai duba shi, kuma kowane mako da aka ƙara ana jiran tukunyarki, daga ƙarfinsa ake cirewa. Ban yarda sunanki kike karewa ba. Na fi zaton tsoro ne, kin samu abu ɗaya da hannunki zai iya yi kin riƙe shi gam, shi ma yayanki tsoron ne ya sa harshensa ya yi kaifi. Ke ce ƙarama, kin kuma faɗi abin da bai dace ba, saboda haka ki je har gida ki ba shi haƙuri, kada ki tsaya kiran waya. Ku tsayar da ranar tafiya Katsina a cikin makon nan, ya nemo mota mai daɗin zama, a tashi da sanyin safiya.

Ki daina gasawa a Dutsin-Ma kina dakon sa a leda. Wannan abu da zafinsa ake ci. Ki kwashi kayanki ki kwana a gida, da safe ki hura gawayin a tsakar gida inda Baba zai gan ki, ƙamshin ya iske shi a shimfiɗarsa. Ki riƙa tambayarsa yadda Alu ke yi, ko da kin riga kin sani, ki bari ya gyara miki. Sannan ki gaya masa gaskiya cewa hankalinku ba zai kwanta ba sai likita ya gan shi. Uban da ke ɓoye biskit don kada ran 'yarsa ya ɓaci, zai iya daure hanyar Katsina saboda ita.

Ki kuma shirya zuciyarki. Mai yiwuwa ya fito da tudu da taushi, Baba ya ci ya ji bai kai na Alu ba. Wancan ya ci shi ne yana saurayi, da yunwar lebura da haƙoransa cif, kuma wannan babu tukunyar da za ta dawo masa da shi. Kada ki ce sai kin sake gwadawa kafin a tafi. In ya ci rabin guda, ki gode wa Allah, kada ki tsaya kallon rabin da ya rage. Ki miƙa masa ruwa, ki ɗauko masa hularsa, ki kama hannu ɗaya yayanki ya kama ɗaya, ku sa shi a mota.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa a dace da magani, Ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki, Ya kuma ba ki ladan wannan ɗawainiya.

Anti Nana Hadiza