Ko Saiwa Ɗaya Kada Ku Ba Baffanku

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ni mahaifiyarku ce nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba zafin ciwo ke magana ba. Na faɗi haka ne don na san akwai wanda zai ce tsohuwa ta ruɗe. Ƙafafuna ne suka gaza, kaina yana nan daram.

Na ɗaya. Gida da kayan cikinsa a raba yadda addini ya tsara, ba ni da ta cewa a nan. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne rumfar furannin okid ta bayan gida, da abin da Baffanku ya aikata a cikinta.

Kun san farar okid ɗin da mahaifinku ya raina tun kafin a haifi Auta, wadda ya ƙi sayarwa duk nacin masu saye. Ranar da aka kai shi makwancinsa, gida cike da masu gaisuwa, Baffanku ya zame ya shiga rumfa. Ya zaro wuƙar da yake yanke ruɓaɓɓun ganyaye da ita a shagon furanninsa, ya tsaga farar biyu, ya cusa rabi a jaka, ya dawo ya zauna yana share hawaye. Ta taga na gan shi. Mahaifinku bai taɓa kai wuƙa jikin shuka ba sai ya gasa ta a wuta, domin ta bakin wuƙa cuta ke bi. Haka kuwa aka yi. Ganyen rabin da ya bari ya soma zane-zane, furen ya fito da tabo, kuma cutar ba ta da magani. Ni na ƙone ta da hannuna don kada ta shafi sauran. Ban yafe ba, kuma kada wani ya yafe a madadina.

Na biyu. Babba, rumfa da kayan aiki naka ne. Na ji Baffanku yana yi maka romon baka ku haɗa kasuwa. Tukunyarsa ko ɗaya kada ta tsallaka ƙofar rumfar. Rigimar da kake yi da ƙanwarka Malama a kan wannan ta ƙare yau, ita ce da gaskiya, ka je ka ba ta haƙuri ko da kai ne babba.

Na uku. Malama, ki ɗauki masu launi na layin gaba. Amma ki rage musu ruwa, 'yata, kin fiye tausayi, kin kashe mini biyu da shi. Okid ba ta son ƙasa. Ɓawon itace da gawayi, a tukunya mai huje-huje, saiwa ta sha iska. Ruwa da safe, kada ya kwanta a tsakiyar ganye. In kin ga farin ƙwaron nan mai kama da auduga, ki goge shi da ruwan sabulu tun bai tara dangi ba.

Na huɗu. Auta, 'yar tukunyar da ke tagar kicin taki ce. Ɗan tsiron farar ne, mahaifinku ya cire shi da wuƙa mai tsabta kafin ya kwanta ciwo. Shi kaɗai ya rage lafiyayye, kuma Baffanku bai san da shi ba. Kada ki raba shi sai ya cika tukunya ya gama fure, kada ki bari baƙo ya taɓa shi.

Rabin da Baffanku ya sata ma da cutar ya tafi. Da ya ga fure da zane sai ya ɗauka sabon iri ya samu, har ya laƙaba masa sunansa, yana ta rabawa da wuƙar nan tasa, daga wannan tukunya zuwa waccan. Bara na shiga shagon, na ga zanen ya kama ganye tun daga ƙofa har bango. Na ce masa sun yi kyau, na kama bakina na fito. Ranar na ci abinci da daɗi.

Na biyar. Shi ma na bar masa gado. Tsohuwar tukunyar farar tana ƙarƙashin tebur da tokarta a ciki. Ku uku ku kai masa da rana tsaka, lokacin da shagon ke cike da mutane, ku ce matar yayansa ta aiko masa da rabin da ya bari.

Na shida. Shagonsa zai mutu, zai kuma zo neman iri, da muryar nan tasa mai taushi. Ƙanin ubanku ne, kada ku zage shi. Ku gaishe shi, ku shimfiɗa masa, ku kawo masa abinci. Sai Auta ta ɗauko farar tana cikin furenta ta ajiye inda zai gan ta sosai. Ya kalla har ya ƙoshi, ya tashi ya tafi hannu wofi.

Allah ya yi muku albarka, ya raya muku zuri'a, ya haɗa kanku. Ku riƙe juna, kada ku bari kowa ya tsaga ku yadda aka tsaga farar. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Shi kuwa, ni da mahaifinku muna can muna jiransa.