Ɗinkin Bodil

Lahadi, 3 ga Maris

An gayyace mu. Bikin tsohuwar fada na watan Yuli, wanda shekara da shekaru muna nema ana cewa ba mu kai ba. Ulrik, shugaban ƙungiyarmu ta masu kwaikwayon rayuwar mutanen dā, ya karanta saƙon a taron yau. Za mu kafa tantunanmu cikin ganuwa, mu yi zaman mutanen shekarar 1370, masu kallo suna bayan igiya.

Sai sharaɗi. Tufafin ulu da lilin kaɗai. Duk ɗinkin da ido zai gani, na hannu. A bakin ƙofa masu biki za su juya kalmasar rigar kowa, in mutum ɗaya ya faɗi duk mun faɗi, ba kuma za a sake kiranmu ba.

Madalla. Abin da nake faɗa ke nan tun da aka ɗora mini duba kayan ƙungiya, ana cewa na cika tsanani.

Amma da aka zo kan maganar ɗinki sai kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Torben kaɗai ya ci gaba da cin kek ɗinsa. Shi da matarsa Bodil suka kafa ƙungiyar nan shekara talatin da suka wuce, zamanin da mutum kan yafa labule ya ce alkyabba ce. Koriyar rigar da Bodil ta ɗinka masa a lokacin, da keken ɗinki, ita yake sawa har yau. Bodil ta rasu bara waccan. Tun daga nan ba wanda ya ƙara yi masa maganar rigar, har ni.

Laraba, 13 ga Maris

Sanne mai girkinmu ta tambaya ko za ta iya sa dankali a tukunyar sansani in ta yanka shi ƙanana. Dankali, a 1370! Ko jirgin da zai kawo shi ƙasar nan ba a sassaƙa ba a lokacin. Na ce ta yanka shi ƙanana ta ci a gidanta.

Asabar, 6 ga Afrilu

Duban kaya a ɗakin wasanni na makaranta. Takalma masu ƙasan roba, zif a ɓoye cikin wando, wani har da aljihu. Aljihu! Duk mai sauƙi ne, a yi tsaki a tafi a gyara.

Torben ya zo ƙarshe da rigar a ninke. Ban ma juya kalmasa ba, ɗinkin keken na nan ɓaro-ɓaro daga wuya har ƙasa. Na ce a raina ko yadin zai tsira, in ya so a warware a sake da hannu. Na nemi izininsa na tsinko zare ɗaya daga ciki, na ƙyasta ashana. Ulu in ya ƙone ƙaurin gashi yake yi, ya zama toka. Wannan narkewa ya yi, ya dunƙule baƙi ƙirin. Rabinsa roba ne.

Na ce masa ba za ta wuce ba. A hankali na faɗa, na rantse. Sai ya miƙo hannu, na zaci rigar yake so. Ashe ɗan dunƙulen nan yake nufi. Na sa masa a tafin hannu, ya jefa a aljihun shat ɗinsa, ya yi sallama da kowa ya tafi.

Litinin, 8 ga Afrilu

Aksel ya ce wai me zai hana in rufe ido. Mijina ke nan, wanda bai san bambancin ulu da buhu ba. Na ce ni in rufe, masu bakin ƙofa fa? Ya ce to ai wasa ne kuke yi. Ban zuba masa kofi ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na sayo ulu mai kyau, kore, na soma yi wa Torben sabuwar riga. Bai sa ni ba, bai ma sani ba. Awonsa na sani da ka. Yatsata ta tsakiya ta fashe, sai na naɗe ta da filasta in ci gaba.

Bodil ce ta koya mini riƙon allura, abin haushin ke nan. Da na wuce ta, na soma juya wa mutane kalmasa, ta raɗa mini ’yar sandar allura. Har a gadon asibiti ba ta fasa ba: ta ce a ba ni kekenta in ta tafi, ko yatsuna sa huta. Yana ƙarƙashin matakala cikin akwatinsa tun ranar da Torben ya kawo. Ban taɓa buɗewa ba. Ni da keke?

Lahadi, 12 ga Mayu

Na kai wa Torben rigar. Ya dafa kofi, ya yanka baƙin burodi da cuku, ya gwada rigar. Ta zauna masa kamar a jikinsa aka saƙa ta, ba yabon kai ba. Ya ɗaga hannu sama, ya sauke, ya ce aiki ya yi kyau, yarinya. Ina da shekara hamsin da biyu har yanzu yarinya ce. Sai ya tuɓe, ya ninke, ya aza a kan kujera ya ce yana da riga.

Raina ya ɓaci. Na ce to ya sa ta Bodil a ciki, tawa a sama, kowa ya huta. Ya ce shi ba zai ɓoye ta kamar abin kunya ba, shekara talatin a fili suke yawo tare. Na ce rigar ma ba a yanka ta daidai ba, kowa na ganin yadda yake yamutsa fuska in ya ɗaga mashi. Ya yi dariya ya nuna hammatarsa ta hagu.

“Nan take cizona. Kullum Bodil sai ta ce za ta gyara, kullum sai wani abu ya taso. Taki ba ta cizo, Grethe. Gidan nan yanzu ba mai cizona sai rigar nan.”

Na shanye kofina. A mota na yi ta dukan sitiyari, don ban san wa zan daka ba.

Talata, 21 ga Mayu

Ulrik ya bugo. Gobe za a aika sunayen masu shiga. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai shi ba ya son shiga hurumina, wai ni ce mai ƙa’ida, duk abin da na yanke ƙungiya na bayana. Bayana! Can nesa, inda ba za a gan su ba.

In na sa sunan Torben, a juya kalmasa a kore mu duka, mutanen da suka ƙare hunturu suna huda yatsunsu. In na cire, na cire mutumin da tantinmu na farko a garejinsa aka ɗinka shi. Gaba kura baya sayaki.

Na cire. Na je da ƙafata na faɗa masa a bakin ƙofarsa, don ba zan bari ya ji a bakin wani ba. Na so ya zage ni. Sai cewa ya yi ai don haka suka zaɓe ni, da shi ne ma abin da zai yi ke nan. Har da tambayata ko yatsar ta warke. Mutumin nan zai kashe ni da takaici.

Lahadi, 26 ga Mayu

Sanne ba ta amsa gaisuwata ba. Amma ba ta ce a cire sunanta ba. Ba wanda ya ce. Kowa na son shiga fada, kowa kuma na son ya ji haushina. Su ci biyu ke nan.

Asabar, 8 ga Yuni

Atisayen mashi a filin bayan coci. Torben ya zo kamar kullum, da koriyar rigarsa, yana koya wa sababbi tsayuwa don bikin da ba zai shiga ba. Kan mashin wani ya sarƙe a gefensa. Ƙyat! Rigar ta yage daga ƙarƙashin hammata har ƙugu.

Kowa ya ruga wurinsa. Ni kuwa, tunda nan ba mai karantawa sai ni: abin da ya fara zuwa mini shi ne shi ke nan, an huta, yanzu dole ya sa tawa, in roƙi masu biki su mayar da sunansa. Sai na dubi fuskarsa. Ya dafe wurin da hannu biyu kamar jikinsa aka yanka.

Litinin, 10 ga Yuni

Torben ya kawo rigar cikin leda. Ya ce ni ce mai allura, ba wanda zai ba wa sai ni. Na ce sabuwar fa, tana nan kan kujera? Ya ce tana nan lafiya.

Na shimfiɗa ta a teburin kicin. Ɗinkin ya karkace, zaren ya ja a wani wuri, ya saki a wani. Bodil ba ta taɓa haƙurin daidaita keke ba. Na gwada ɗinkin hannu kaɗan a bakin yagar, irin wanda ake yabona da shi. Muni! Ya fito tsaf-tsaf a tsakiyar nata kamar baƙo a gidan biki. Na warware.

Juma’a, 14 ga Yuni

Kwana nawa ina zagaya teburin nan. A cinya muke cin abinci, Aksel ma haka, ya koyi hankali.

Ƙa’idar da nake yi wa mutane wa’azi a kai ita ce: in za ka gyara tsohon abu, bi hannun wanda ya yi shi, da irin kayansa. Ni na faɗa, ba sau ɗaya ba. Mts.

Lahadi, 16 ga Yuni

Na jawo akwatin keken Bodil daga ƙarƙashin matakala. Nauyi kamar jaki. Na buɗe.

Da zare a jikinsa. Kore. An zura shi har cikin allura, an bar jelarsa tana lilo. Na kara shi da rigar, shi ne. Wato ta fito da keken a hunturunta na ƙarshe za ta gyara hammatar nan, sai wani abu ya taso.

Na daɗe a zaune. Bodil, ke ma dai.

Na ɗinka. Ban daidaita komai ba, na bar keken yadda ta bar shi, yana ja yana saki. Ƙararsa ta cika gidan, Aksel ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Layina ya hau kan nata, in ba ni ba ba mai gane inda ta tsaya na ɗora.

Da na iso hammata na ga matsalar sarai. Ɗan ƙyalle ne kawai babu, wanda ake sawa a nan don hannu ya sake. Akwai rarar yadi a kalmasa. Har na yanko, na daidaita shi, na kafa masa fil. Aikin da bai kai shan kofi ba.

Na cire fil ɗin. Na rufe ta yadda take.

Lahadi, 14 ga Yuli

An gama. Mun wuce, duk ƙungiyar, ba wanda aka tsayar. Matar da ke duba kaya a bakin ƙofa ta juya kalmasata ta kira abokin aikinta ya zo ya gani. Shekara nawa ina jiran wannan. Na ce na gode, ina ta leƙen layin masu sayen tikiti.

Sai jiya Torben ya zo. Ya biya kuɗin shiga kamar kowa, shi da ya kafa mu. A can bayan igiya ba ruwan kowa da abin da ka sa, akwai masu kambin takarda da takubban roba. Yana tsakiyarsu da koriyar rigarsa, da tsiran alade a takarda, jan miya na ɗiga. Ya tsaya daidai tantinmu. Ulrik ya shige ciki wai neman wani abu.

Torben ya ɗaga hannun hagu zai gaishe ni. Ya tsaya a rabi, ya yamutsa fuska. Ya sake ɗagawa a hankali, ya sake yamutsawa. Sai ya dube ni.

“Tana cizo,” ya ce.

Na ce ai ni yaga aka kawo mini, ba a ce in gyara hammata ba.

Na tsallaka igiyar. Don in duba ko ɗinkin ya riƙe ne kawai, a ce mini wani abu. An hana mu fita cikin masu kallo da kayan sansani, na sani, ni na karanta wa mutane dokar. Ɗinkin ya riƙe. Muka zauna a kan damin ciyawa muna kallon ’yan ƙungiyarmu daga waje, yana nuna mini wanda ke riƙe mashi kamar tsintsiya. Ya sayo mini tsiran, miyar ta ɗiga a gaban rigata, ulun da na rina da hannuna. Ban koma ciki ba sai da aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Ƙa’ida dai ƙa’ida ce. Baɗi ma in aka gayyace mu haka zan yi, kuma dankali ba zai shiga tukunyar nan ba ina raye.

Aksel ya tambaya yaushe zan mayar da keken ƙarƙashin matakala. Na ce yana da nauyi, bayana na ciwo. Rigar ta tsufa, za ta sake yagewa. Na bar zaren a jiki.