Notunan Gadon Suna Wurinki

Ya ke Manjo tawa, hasken idona, inuwar da nake fakewa da tsakar rana, ruwan sanyin da ake sha bayan doguwar tafiya, uwar 'ya'yana, shugabar da ban taɓa kai ƙararta gaba ba!

Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Tela maƙwabcinmu ne ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na gaya masa duk inda ya gyara mini magana, Allah na kallonsa.

Na iso gida lafiya, kayanmu ma jirgin ruwa ya sauke su lafiya, ban da madubi, shi a rarrabe ya iso. Labulayen da muka tara daga wannan bariki zuwa wancan na gwada su duka, babu wanda ya yi wa taga daidai. Na falo ya tsaya a ƙwauri kamar wandon aro, na ɗaki kuwa shara yake yi. Butar lantarkin da kika saya can, bakin wayarta ya ƙi shiga soket ɗin nan. Tana zaune tana kallona, ina kallonta. Shekaranjiya wajen tsallaka titi na duba ɓangaren da na saba dubawa a can, mai babur ya ce, "Baba, ka gaji da duniya ne?" Na ba shi haƙuri da yaren mutanen can. Ya ce dama ya san ba lafiya ba.

Nan ba a busa bigila da safe, amma jikina bai samu labari ba. Sai in tashi in ɗauko burushi da man takalmi, sannan in tuna takalman suna ƙafarki a wata ƙasa. Wayyo, farin watana! Wane irin wata ne zai haska garin wasu ya bar nasa a duhu? Wane irin hadari ne zai haɗu a kan gonar mai shi, ya je ya zubar a teku? Ni da na tsufa ina bin ki da tabarmi da tukwane, ni da na zauna a taron matan bariki ni kaɗai mai gemu har suka ba ni riƙon makullin sito, yau ni ne ke dafa shayin mutum ɗaya!

Yanzu ga maganar. Gadonmu yana jingine da bango, kai daban, ƙafafu daban. Notunan da ake ɗaure shi da su suna wurinki, cikin tsohuwar safar nan, a aljihun gefe na koriyar jakarki.

Kin tuna canjin wurin aikinki na farko? Ni na ƙulle su a tsumma, tsumman ya bi motar wasu zuwa wani bariki. Muka shimfiɗa katifa a ƙasa, kina da cikin babbar 'yarmu, in za ki tashi sai na ɗago ki da hannu biyu. Ba ki yi faɗa ba. Ranar da aka maido su kika karɓe su, kika ce, "Maigida, daga yau notunan nan sun shiga soja." Tun daga nan duk gidan da aka kai mu, ke ke riƙe allon kai, ni ke ɗaurewa, ki ce ya karkace, in ce ƙasar ce ta karkace. Na riƙe kowane ɗaki a kaina: mai yoyo, mai kallon makabarta, da wanda sanyinsa ya sa muka kwana da safar hannu. Ban yi makaranta ba, amma tambaye ni wace ƙafar gado ce ta samu tabo a wane gari.

Kafinta ya zo ya duba. Ya ce, "Baba, irin notunan nan ai buhu-buhu suke a kasuwa." Na ce na sani. Ya ce to a sayo. Na ce masa ya gaida gida. Ɗanki ya kira yana ta faɗa wai bayana zai lalace a siminti. Na ce bayan nawa ne. Gaskiya yana ciwo, in zan miƙe sai na dafa kujera. Tela, rubuta wannan da manyan baƙaƙe.

Babbar 'yarmu ta gaya mini abin da kika ɓoye. Wai asibitin sojojin can sun roƙe ki ki ƙara wa'adi, ke kuma kin ce za ki yi tunani. Tunani, ya kurciyata? Ai na san tunaninki. Shi ne ya kai mu duk inda muka je. Ban taɓa cewa a'a ba, ko sau ɗaya, in aka ce a naɗe sai in naɗe. Wannan karon na kwance igiyoyin akwatuna na ba mai awaki. Marasa lafiyan can za a samo musu wata Manjo. Ni wa zai samo mini? Ga mara lafiya nan a gida, kwance a ƙasa, babu mai duba shi.

Kuma kada ki ce za ki ba wani ya kawo mini safar. Ko wa kika aiko, ƙofa zan nuna masa. Hannun da ya karɓe su shi zai dawo da su, ya kuma riƙe allon kai, ya ce ya karkace.

Kina iya cewa mantuwa muka yi ranar da kika rako ni filin jirgi. Ke dai kika manta, zumata. Ni ina kallon aljihun jakar tun daga gida har bakin ƙofar shiga. Na yi shiru abina.

Naki tun gemu na baƙi har ya yi fari, naki a kan gado ko a kan siminti, har ranar da za a ɗauke ni ba a akwatin kaya ba,

Maigidanki mai jira.