Hagun Wa?

Litinin, 6 ga Mayu
Muna cikin teku, gabas da tashar Pohang ta Koriya, muna auna ƙasan teku. Na zuba aikin mako guda a kwamfuta, sai ƙasan teku ya fito kamar haƙoran zarto. Bara a nan wurin shimfiɗe yake. Na kashe manhajar na kunna. Haƙoran na nan.

Talata, 7 ga Mayu
Bindigogin iska biyu muke ja a bayan jirgi, ta hagu ta buga, ta dama ta buga, igiyoyi su ɗauko amsa-kuwwa. Na duba tsawon igiya, na duba agogo, duk daidai. To mene ne?
Shugaba Pyo ya leƙo: "Malamin kwamfuta, dutse ne ya tsiro ko kai ne ka rikice?"

Alhamis, 9 ga Mayu
Ko miyar kifi na kasa sha.

Juma'a, 10 ga Mayu
Na sauka wurin Yaya Deok-bae mai haɗa bindigogi. Ba na son mutumin nan, kullum sai ya kira ni ɗan ofis. Na ce ya nuna mini ta hagu. Ya nuna ta dama.
"Yaya, wannan ai dama ce."
"Ɗan ofis, ga hannuna na hagu, ga bindiga. Ko hannun ma za ka gyara mini?"
Ashe shi baya yake fuskanta in yana aiki, ni kuwa kwamfuta gaban jirgi take bi. Na musanya lambobin bindigogin biyu a kwamfuta, ƙasan teku ya kwanta lif. Gyaran bai kai shan shayi ba.

Lahadi, 12 ga Mayu
Pyo ya ce kamfani na son sunan mai laifi ɗaya, kuma mai sunan zai sauka a Pohang, ya bar aiki. Na ce kowa hagunsa daidai ne. Ya ce, "Kamfani bai san wannan ba."
Yaya Deok-bae ne ya haɗa wayoyin bindigogi, ni ban tambaya ba. Laifin wa ke nan? Na rasa. Shekararsa hamsin da takwas, ba jirgin da zai sake ɗaukarsa.

Laraba, 15 ga Mayu
Na ba Pyo sunana. Ba don Yaya na yi ba, dama teku na sa ni jiri.
Ɗazu Yaya ya zo ɗakina, ya naɗe mini kaya a jaka. Na juya ina kallon bango har ya fita.