Gawayin Bayan Makewayi

Wara, farkon damina

Zuwa ga Innata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida a Shanga. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Inna, kin aiko kina tambayar abin da ya ramar da ƙaramar jikarki Mufida. Wallahi kwatar gidan nan ce. Ruwan wanka da na wanki da fitsarin makewayi duk nan suke kwantawa, baƙi ƙirin, kumfa a kai, tsutsa na motsi a ciki. Daga nan ya gangara ta gefen rijiyarmu ya faɗa tafki, daidai inda mata ke wanke kifi. Tir! In rana ta buga shi, tuwo ma ba ya wuce mini maƙogwaro. Zawo kuwa sai ya saki yarinyar nan ya sake kama ta, har wuyanta ya zama kamar na tsintsiya.

Na matsa wa maigidan har ya kira Malam Sufyanu duba-gari. Shi ya toya mana ɓuntun shinkafa da totuwar masara a rufaffiyar ganga har suka zama gawayi. Ya kafa wata ganga bayan makewayi, ya zuba tsakuwa da yashi, ya cika da gawayin, ya juyo bakin kwata ciki. Ya ce gawayin na riƙe dauɗa da ƙwayoyin cuta, ruwan ya fita ta ƙasa. Ba na sha ba ne, amma ya isa ban ruwan yakuwata. Inna, warin ya ragu ƙwarai, ƙudaje sun watse, Mufida ta fara cin abinci.

Goggo, mahaifiyar maigidan, sai taɓe baki take yi, wai an ɓarnatar da gawayi mai kyau a kan ruwan wanka.

Ki gaida Baba. Ɗiyarki,
Jummai

Wara, bayan kaka

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba, da fatan kun kwashe shinkafa lafiya. Mu dai sai godiya, amma daga asibiti muka dawo.

Gawayin gangar nan yakan ƙoshi da ƙazanta, sai a canza shi. Malam Sufyanu ya kwashe tsohon ya baza bayan gida ya bushe, kafin a kai gona a binne. Ya ja mana kunne kada kowa ya taɓa. Goggo tana Yelwa wajen suna ranar, ni kuma ban yi tunanin wani zai yi sha'awar abin da ya fito daga bayan makewayi ba. Da ta dawo ta gan shi a bushe, ƙanana, mai laushin daka. Kin san tsofaffinmu da gawayi. Ta ɗiba ta daka, ta cika gwangwani, kullum da safe tana goge haƙora da shi, ni kuma ban gano inda ta samo shi ba sai daga baya. Inna, a baki! Abin da ya sha fitsarin gidan nan kaf!

Da nan ya tsaya da sauƙi. Mufida ta ce cikinta na murɗawa ina bakin tafki, sai Goggo ta dama mata garin a moɗa ta ɗura mata, wai maganin ciki. Kafin in farga yarinya ta koma amai da zawo, idanu sun faɗa. Sai da aka sa mata ruwa a asibiti. Na yi zaton zan rasa ta, wallahi.

Muna dawowa Goggo ta tada ƙura, wai ganga ce ta kawo ciwo, a fasa ta. Maigidan ya yi tsuru-tsuru. Raina ya ɓaci. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, kuma ranar ma ban ɗaga ba. Roƙonta na yi ta biyo ni, na buɗe murfin gangar, na sa sanda na juya gawayin da ke ciki yana yauƙi, na ajiye gwangwaninta a gefe. Ta leƙa, ta dubi gwangwanin. Nan take ta durƙusa tana kelaya amai. Da ta tashi ba bakinta ta fara wankewa ba, zama ta yi a ƙasa tana kuka tana kiran sunan jikarta.

Ba a fasa ganga ba. Yanzu ma Goggo ce ke korar awaki daga wurin. Mufida ta miƙe, alhamdu lillahi. Sai dai, Inna, ko ruwan randa Goggo ta miƙa mata, sai ta damƙe baki ta ɓuya bayana. Jiya tsohuwar ta soya mata kifi da hannunta, yarinyar ta ƙi karɓa sai da ya biyo ta hannuna. Goggo ta juya ta shige ɗaki.

Ki sa mu a addu'a. Allah ya bar mini ke.

Ɗiyarki,
Jummai