Ka Mayar wa Mahaifinka Sallamarsa

Birnin Gwari,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Abdulfattah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Zakiyya. Allah ya sa karatun da ya kai ka Malesiya yana tafiya yadda kake so. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce dai take ta nata mulkin. Mahaifiyarka ƙalau take, ƙanwarka Lailatu ta yaye ɗanta, damina kuma ta ja baya, dawa ta fara nuna ga waɗanda suka samu zuwa gonakinsu bana.

Kwanakin baya a tashar Kuyello wani direba ya ce mini wai Yaya Bakoji ya zama malamin makaranta. Na ce masa Bakoji dai yayana, mahaifin Abdulfattah, wanda da hannuna na sa shi a kabari shekara uku ke nan? Ya ce shi fa. Na ce ai ko yana raye alli bai taɓa shiga hannunsa ba, sai lauje. Nan na bar zancen, don da tatsuniya aka rene ni, na san ƙamshinta.

Ashe da gaskiyar direba. Malama Helen, malamar gona, ita ta kira ni gindin darbejiyar da take tara manoman ƙauyenmu Gwaska da suka dawo gari kowace Alhamis. Ta buɗe mini shafin kwas ɗin zaɓen iri da kuka shirya tare a intanet. Na ga ka yi masa launin ganyen dawa, ka sa hoton Yaya da malfarsa, ƙarƙashinsa kuma ɗan akwati inda ka dasa maganarsa da ka ɗauka a wayarka, Sallar ƙarshe da muka yi a ƙauye. Sai da na goge ido. Aikin ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka.

To amma da ta danna, sai kawai muka ji Yaya yana cewa zangarniyar da za ka ajiye tun a gona ake zaɓenta, a rataye ta a hayaƙin madafa. Ba sallama, ba ina kwana. Mutane suka dubi juna. Wani dattijo ya ce ya san Bakoji, ko akuya zai saya sai ya tambayi lafiyar kakarka, wannan da ya faɗo musu haka waye? Kafin a kai rabi wasu sun fara neman takalmansu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ni da rawar jikina na roƙi Helen ta biyo ni gida mahaifiyarka ta ji. Ta saurara kaɗan, ta ce, "A kashe. Muryarsa ce, amma ba shi ba ne." Ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta ambaci sunanka ba, ita da ko tsintsiya ta ɗauka sai ta yi lissafin ƙarfe nawa ne a wurinku.

Jiya bayan la'asar Helen ta dawo. Ta ce in zo in ga bayan shafin. Ka san yadda ake juya hular da aka yi wa aiki, a ga zare ya harɗe ta ciki? Haka na gani, rubutun da ta ce kod kuke kiransa. Ta sa yatsa a kan wata lamba, casa'in da huɗu. Ta ce lambar ce ke umartar muryar ta tsallake daƙiƙa casa'in da huɗu na farko, kuma ta san don tausayi ka yi, saboda layinmu ba ƙarfi, data kuma ba ta da arha, ka ga farkon duk gaisuwa ne da shiru. Sai ta mayar da lambar sifiri a shafinta na gwaji, wanda ba mai gani sai ita, muka ajiye wayar a bakin ƙofar mahaifiyarka.

Ka tuna yadda yake yi. Ya yi sallama, ya dakata. Ina gajiya, ya dakata. Yaya iyali, yaya ruwa, kowace sai ya bar wuri. Shirun nan da ka yanke, ɗana, wurin amsa ne ya bar wa mutane. A ta uku muka ji daga cikin ɗaki an ce, "Lafiya lau, Malam." Haka ta bi shi tana amsawa har ya gama, sannan ta fito ta zauna ta ji darasin duka. Har gyara ta yi masa, ta ce ba shi ke rataye irin ba, ita ce, shi baki kawai yake sawa.

Helen ta ce ba za ta taɓa babban shafin ba sai da yawunka, tunda aikinka ne kuma mahaifinka ne. Don haka nake roƙonka ka cire lambar nan kafin Alhamis, don mutane na shirin yankan dawa. Kuma ka kira mahaifiyarka. Kada ka ba ta haƙuri, ka dai gaishe ta da kyau, ka bar mata wurin amsawa.

Ka gaida Zakiyya. Lailatu da mijinta Usama suna gaishe ku, haka Gwaggonka Muslimat, wadda ta ce a tambaye ka ko can ana samun daddawa.

Yau da hantsi ina zaune a zaure aka sake kawo mini labarin nan, wai ko na ji Bakoji ya zama malamin makaranta, kuma ɗansa ne ya ɗauke shi aiki. Wannan karon ban yi musu ba. Wadda ta faɗa mini Talatu ce, mahaifiyarka.

Naka,
Baffanka Isah.