Askar da na Ajiye Ranar Sunan Tattaɓa-kunnenmu

Zuwa ga Kulu,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma ajamina ba ya karantuwa gare ki, cewa kike yi kamar kaza ta taka tawada. Duk da haka ke zan rubuta wa, don ba ni da wanda zan gaya wa wannan maganar.

Gida lafiya. Ruwa ya cika fadama bana, shinkafar ɗanmu Habu ta yi kyau in ban da tsuntsayen jan-baki da suka sa mu wuni da gwangwani a hannu muna korarsu. Ciyawar kacalla ta ƙara toshe mashigin da kike wanki. Ni kuma ina nan da zabirata, gwiwa ce kawai ke yi mini gardama.

Takwararki Jidda, 'yar Habu, ta zo hutu. Kin tuna na rantse ba za ta yi karatun likitan haƙori ba, na ce gidan wanzamai ba ya bukatar Bature ya koya masa baki? Ke kika sayar da tumakinki a kasuwar Kafin Hausa kika tura ta. To ga ta shekara ta uku. Ta shigo da ƙoƙon kan mutum a jaka, matan gida suka watse suna salati, ashe na roba ne. Ta ajiye shi a tabarmata, wai ta kawo mini abokin hira mai haƙora fiye da nawa. Na ce ta bari in mutu tukuna kafin ta yi sabon miji, tunda a wasan jika ni ne mijinta.

Sai ta ce za ta yi mini jarrabawa. Ni da ban taɓa zama a benci ba! Ta buɗe littafinta ta tambaye ni wane haƙori ke fara fitowa. Na ce biyun gaba na ƙasa, lokacin da yaro ya fara zama. Na jero mata sauran har ashirin, na ce fiƙa ba ta fitowa sai turmin farko ya riga ta. Na ƙara mata da cewa wajen shekara shida akwai turmin da ke fitowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye su ɗauka na nono ne su bar shi ya ruɓe. Kulu, yarinyar nan ta rufe littafin ta dube ni. Ta ce abin da ya kayar da rabin ajinsu ke nan. Shekara sittin ina leƙa bakin 'ya'yan Haɗejia, a ce ban sani ba? Ita ma ta koya mini nata. Wai tun jariri na ciki haƙoransa suke kwance cikin dasashi kamar iri a ƙasa. Wannan ban taɓa sani ba, kuma na ce mata ban sani ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Matar Nura, yayan Jidda, ta haifi namiji. Aka ce in shirya cire masa hakin wuya kamar yadda na yi wa kowa a gidan nan. Jidda ta tsaya a ƙofar ɗaki ta hana. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kawo ƙoƙon nan ta buɗe muƙamuƙinsa, ta nuna mini ganɗa, ta nuna hoton jijiyoyin jini da suka sauko har cikin ɗan naman da muke yankewa. Ta ce shi ke taimakawa ya tare nono kada ya bi ta hanci. Na ce ai jinin ɗan kaɗan ne, na sha gani. Sai ta ce wanda nake gani ne kaɗan. Jariri haɗiye sauran yake yi, jikinsa ya yi fari, ya daina kama nono, a ce iska ce.

Kulu, kin san inda zuciyata ta tafi.

Ɗanmu na fari. Kina wankan jego a garinku ta wajen Kirikasamma, ruwa ya yanke hanya, wanzamin garin yana ƙetare. Na zo a kwalekwale, aka ce ga wanzami a gida, me ake jira? Na cire masa hakin wuya da hannuna. Kwana biyu ya yi fari fat, ya ƙi nono, har ya rasu. Aka ce iskar rafi ce, na karɓa da hannu biyu don ta fi mini sauƙi. Kunyar ɗan fari ta hana mu ko ambaton sunansa, ni kuwa na ɓuya a bayan kunyar nan har kika tafi. Kin sani, ko ba haka ba? Shi ya sa duk haihuwar da kika yi daga baya kike fita tsakar gida in na buɗe zabira? Shi ya sa kika sayar da tumakin? Ki yafe mini.

Ranar suna na aske wa yaron kai tas, ban ko ƙwarzane shi ba. Sai na ciro 'yar lanƙwasasshiyar askar nan da na gada wurin babana, na miƙa wa Jidda a gaban mutane. Na ce ta kai makaranta ta nuna wa 'yan ajinsu, ta ce musu mai ita ya yi aiki da ita shekara sittin kuma shi da kansa ya ajiye. Wanzaman unguwa na ta gunaguni. Su yi. Kin san ni, in na kafe na kafe.

Nura ya bar mini zaɓen suna. Na zaɓi wanda bakina bai taɓa faɗa ba. Idrisu. Ga shi na rubuta. Yana shan nono har da gurnani, kuma in Allah ya kai ni wata shida, ni zan fara ganin biyun nan na ƙasa.

Ki huta lafiya. Allah ya haɗa mu da ke da Idrisunmu na fari.

Naki har kullum,
Tsoho mai taurin kai, baban Idrisu.